Kifin Cin Gansakuka: Ku Tambayi Girmansa da Abincinsa Kafin Ku Saya

Shirinmu na yau na masu kiwon kifin ado ne, wato kifin da ake ajiyewa cikin akwatin gilashi a falo ko a ofis don kallo. Duk wanda ya ajiye irin wannan akwati ya san gansakuka. Sati biyu, sati uku, gilashin da yake fes ya fara yin kore, ko ya yi ruwan ƙasa. Daga nan mutum ya nufi wurin mai sayar da kifi, ya ce, "Malam, gilashina ya yi datti." Mai kifi ya nuna masa wani ɗan baƙin kifi manne da gilashi, ya ce, "Alhaji, ɗauki wannan. Shi ne mai shara. Ko abinci ba ya buƙata." To, a kan wannan magana ta mai kifi za mu tsaya yau, domin ita ke halaka kifaye masu yawa, ita kuma ke ɓata akwatuna masu yawa. Abin da nake son tabbatar muku ɗaya ne. Kifin cin gansakuka dabba ce mai rai. Yana ci, yana girma, yana kashi. Saboda haka da tambaya uku ake zaɓensa: wane girma zai kai idan ya manyanta, me yake ci da gaske, kuma akwatinku zai iya ɗaukarsa? Girma, abinci, akwati. Ku riƙe waɗannan uku, za mu yi ta komawa kansu.

Bari mu fara da sanin su wane ne waɗannan kifaye. Dangin tarwaɗa da ƙurungu ne, amma na nesa. Asalinsu kogunan Kudancin Amurka ne da Amurka ta Tsakiya, musamman Amazon da Orinoko da rassansu. Masana suna kiran zuriyar tasu Loricariidae, wato masu sulke, saboda faranta na ƙashi da suka lulluɓe jikinsu. Bakinsu a ƙasa yake, yana manne wa dutse ko itace, da ƙananan haƙora na kankara. Nau'o'insu sun haura 900. Yawansu ya kai har 'yan kasuwa suna fito da wasu daga daji tun masana ba su raɗa musu suna ba. Shi ya sa a 1988 wata mujallar masu kiwon kifi ta Jamus, mai suna DATZ, ta fara ba su lamba da harafin L a gaba. Me ya sa nake gaya muku wannan? Domin ku san cewa zuriya mai yawa haka ba za ta ci abinci iri ɗaya ba. Akwai masu cin gansakuka. Akwai masu gugar itace. Akwai masu cin tsutsa da ƙwari. Misali, wanda ake kira L46, mai zanen fari da baƙi, ɗan kogin Shingu na Burazil, bakinsa na mannewa ne kamar na sauran, amma nama yake ci. Ku saka shi cikin akwati mai kore shar, zai iya mutuwa da yunwa a ciki. Ashe ganin kifi manne da gilashi bai isa hujja ba.

Yanzu kashi na biyu: daga ina gansakukar take fitowa? Ku dubi jarkar ruwa fara da aka manta a tsakar gida, rana tana dukanta. Bayan 'yan kwanaki cikinta ya yi kore. Wadda ke cikin ɗaki a inuwa kuwa tana nan yadda take. Gansakuka tsiro ce. Haske take so, da taki. A cikin akwatin kifi, hasken shi ne fitilar da aka bari tun safe har tsakar dare, ko tagar da aka jingina akwatin da ita. Takin kuwa shi ne kashin kifi da ragowar abincin da yara suka zuba fiye da kima. Haske da taki, su ne tushe. Kifi ba ya kashe fitila. Kifi ba ya fitar da taki daga ruwa. Abin da ya kankara ya ci, zai fitar da shi kashi cikin ruwan nan, ya koma taki. Akwai kuma zancen da ya yaɗu cewa wai wannan kifi yana cin kashin sauran kifaye. Ba gaskiya ba ne. Ba ya ci. Canjin ruwa ne kaɗai ke fitar da datti daga akwati: kwata ɗaya na ruwan a kowane mako, da ruwan da aka kawar wa sinadarin kulorin. Fitila kuma awa 6 zuwa 8 a rana ta wadatar. Sannan gansakukar kanta iri-iri ce. Mai ruwan ƙasa mai laushi, wadda ke fitowa a sabon akwati, suna cinta sosai. Kore mai laushi ma haka. Amma baƙa mai kama da gashi da ke fitowa a gefen ganye, yawancinsu ba sa taɓa ta. Ruwan da ya rine kore gaba ɗaya, babu abin kankara a cikinsa, don ƙwayoyin suna yawo ne a ruwa. Mai yauƙi mai wari kuwa, wadda ke shimfiɗa kamar leda a kan yashi, ƙwayoyin bakteriya ce, ba sa cinta. Don haka ku fara duba wace iri ce ke gilashinku.

Kashi na uku, masu sauraro, shi ne kifin da aka fi sayarwa, wanda 'yan kasuwa ke kira fuleko. Shi ne mafi araha, shi ne mafi sauƙin samu, shi ne kuma mafi jawo nadama. A shago za ku gan shi santimita 5 ko 6, bai wuce tsawon yatsa ba. Amma jariri ne. Irin wanda masana ke kira Pterygoplichthys yana kaiwa santimita 40, wani ma ya kusanci 50. Yana kuma iya rayuwa fiye da shekara 10. Sayensa don ƙaramin akwati daidai yake da sayen ɗan maraƙi a saka a akurkin kaji, don an gan shi ƙarami ranar kasuwa. Wani zai ce, "Ai na gani da idona, cikin kwana biyu ya share gilashi tas." Gaskiya ne, ban musa ba. Ƙaramin fuleko yana da himma. Sai dai ku dube shi bayan shekara. Ya yi girma, ya rage kankara, ya koma jiran abincin da ake zuba wa sauran. Yana tumɓuke shuke-shuke da jela. Kashinsa zare-zare ya cika ƙasan akwati. Wani ma yakan manne wa kifaye masu faɗin jiki da dare, ya tsotsi yauƙin fatarsu, ya bar musu rauni. Wanda aka sayo don tsabta ya zama shi ne babban mai ƙazanta ruwa. Araha ba ta ado.

Akwai wata hujja da masu sayarwa ke yawan kawowa, kuma ta cancanci amsa. Suna cewa kifi daidai akwatinsa yake girma, in akwatin ƙarami ne ba zai wuce shi ba. Akwai ɗan abin da ya yi kama da gaskiya a ciki. Kifin da aka matse a ƙaramin wuri, cikin ruwa mai datti, girmansa yana tsumburewa. Amma tsumburewa ciwo ce. Ƙashin bayansa na iya karkacewa, jikinsa ya raunana, kwanansa ya gajarta. Kuma fuleko, saboda taurin ransa, sau da yawa ba ya ma tsumburewar yadda ake zato. Zai ci gaba da girma har ya kasa juyawa. Duk dabbar da mutum ya tsare, ya hana ta neman na kanta, to cinta da shanta da wurin zamanta suna wuyansa. Wannan haƙƙi bai tsaya ga tumaki da kaji ba. Ya haɗa da kifin da ke falo.

Sai hujja ta gaba, wadda ta fi kowace haɗari, don haka ina roƙon ku natsu a nan. Mutum ya ce, "In ya yi girma sai in kai shi kogi in sake shi. Ai tausayi ne." Ku saurari abin da irin wannan saki ya jawo a wasu ƙasashe. A Meziko, a madatsar ruwa ta Infiyanilo, akwai kamun karfasa da dubban masunta ke ci da shi. Fuleko ya shiga ruwan wajen 1995. Ya hayayyafa har masunta suka koma jawo raga cike da shi maimakon kifin sayarwa, ƙayoyinsa suna yayyaga ragar, suna soke hannu. Mutanen wurin suna kiransa kifin shaiɗan. A Filifin ya cika kogin Marikina da tafkin Laguna. A Maleshiya ya mamaye kogin Kilang da ke ratsa babban birni. A jihar Fulorida ta Amurka yana haƙa ramuka a gaɓar ruwa don yin ƙwai, gaɓar ta yi ta zaftarewa, har ma yana manne wa ayu a jiki ya hana shi hutu. A Bangaladash gwamnati ta haramta shigo da shi da kiwonsa da sayar da shi a 2023. A nahiyarmu ma an same shi a kogin Nseleni na Afirka ta Kudu. Me ya ba shi wannan ƙarfi? Sulkensa na kare shi daga masu cinsa. Yana iya haɗiyar iska daga saman ruwa, ya rayu inda sauran kifaye za su shaƙe. Namijin kuma yana gadin ƙwai a rami. Abin da ke taka masa birki a ƙasashen Turai shi ne sanyin hunturu mai daskarar da ruwa. Mu kuwa ruwanmu mai ɗumi ne kusan duk shekara. Madatsar Tiga, tafkin Kainji, fadamun Haɗeja da Nguru, tafkin Chadi: ruwaye ne da irin wannan kifi zai ji daɗinsu, kuma masunta ne za su ɗanɗana kuɗarsu. Kada ku saki kifin akwati a kogi, ko kududdufi, ko magudanar ruwa. Ku mayar wa mai shago, ko ku ba wanda ke da babban wuri. Na sake faɗa: kada ku sake shi a ruwan gari.

To, mun ajiye fuleko. Kashi na huɗu, ƙananan na gaskiya. Na farko shi ne Otocinclus, wanda ake taƙaitawa oto. Wani masani ɗan Amurka, Edward Cope, shi ya raɗa wa jinsin suna a 1871. Oto ba ya wuce santimita 4 zuwa 5 ko ya tsufa. Ba ya faɗa, ba ya ɓata ganye, kuma wurin cin gansakuka mai laushi da mai ruwan ƙasa da wuya a sami kamarsa. Tambayar girma, ya ci ta. Wanda ya ji haka zai ce, "Shi ke nan, ga na ƙaramin akwatina." Ku dakata. Saura tambaya biyu. Yawancin oto da ke kasuwa daga daji aka kamo su. Ana tara su a garuruwan fitar da kifi irin su Ikitos na Peru da Manaus na Burazil. Daga nan jirgi, daga nan hannun dillali, daga nan shago. A duk tsawon tafiyar nan, cikin leda da kwantena masu tsabta, babu abin kankara. Shi kuwa oto cikinsa ƙarami ne, kiwo yake yi ba dare ba rana. Sai ya iso shago a rame. Shi ya sa mutum zai sayi shida, cikin sati biyu ya rasa rabi, ya ɗauka ruwansa ne ke da matsala, alhali yunwar hanya ce ta cim musu. Haka kuma a kogi cikin garke yake rayuwa, ɗaruruwa tare. Guda ɗaya ko biyu za su ɓuya ne, su daina ci. Aƙalla shida ake so. Shida kuma cikin 'yan kwanaki za su cinye gansakukar akwati mai lita 60. Daga nan fa? Daga nan ciyarwa ta dawo kanku, kuma wasunsu ba sa saurin karɓar abincin kanti.

Akwai ƙarin abu game da oto da ya shafe mu kai tsaye, wato zafi da wutar lantarki. Oto ya fi son ruwa mai digiri 22 zuwa 26, mai gudana, mai wadatar iska. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ke kaiwa digiri 40, ruwan akwati a ɗakin da babu na'urar sanyaya ɗaki yana haura 30. Ruwa in ya yi zafi, iskar numfashi da ke cikinsa tana raguwa. Lita ɗaya a digiri 20 tana riƙe kusan miligiram 9 na iskar oksijin. A digiri 30 kusan 7 da rabi take riƙewa. A daidai lokacin kuma jikin kifin ya fi buƙatarta. Ku ƙara da ɗaukewar wuta, na'urar tace ruwa ta tsaya, famfon iska ya yi shiru. Kifi mai ƙarfi zai jure. Oto mai rama ba zai kai safe ba. Hukuncina a kansa shi ne, kifi ne mai kyau amma na gwanaye. Sai akwatin da ya yi wata uku ko fiye yana aiki, mai shuke-shuke, a ɗaki mai sanyi, da famfon iska mai batir. Sabon shiga ya haƙura da shi tukuna.

Na biyu shi ne wanda nake ganin ya fi dacewa da yawancinku. Sunansa Ancistrus. Mu kira shi mai ƙasumba, don namijin in ya balaga wasu tsiro masu laushi suna fito masa a kan hanci. Mu auna shi da tambayoyinmu uku. Girma: irin da aka saba sayarwa yana tsayawa a santimita 12 zuwa 15, ba ya wucewa. Abinci: yana cin gansakuka tun yana ƙarami har ya tsufa, yana kuma karɓar kayan lambu da abincin kanti ba gardama. Akwati: guda ɗaya yana buƙatar lita 80 zuwa 100, wato kusan jarka huɗu ta lita 25. Babbar falalarsa ita ce a gida ake haifarsa, ba daga daji ake kamo shi ba. Namiji ya sami ɗan kogo, mace ta zuba ƙwai masu ruwan lemo, shi kuma ya zauna yana fifita su da fiffike kusan mako guda har su ƙyanƙyashe. Kifin da aka haifa a akwati ya saba da ruwan akwati da abincin akwati. Shi ya sa ya fi oto juriya nesa ba kusa ba. Ba na ɓoye muku nauyinsa. Yana kashi da yawa, don haka filta, wato na'urar tace ruwa, da canjin ruwa dole ne. Maza biyu a ƙaramin akwati faɗa za su yi. Yana buƙatar wurin ɓuya, ko da guntun tukunyar ƙasa ne, da busasshen itace da aka jiƙa sosai don ya riƙa guga. Shi ma digiri 23 zuwa 27 ya fi so, don haka a bazara ku nisanta akwati daga taga, ku ƙara iska, ku bar fanka tana kaɗa saman ruwa. Da rana kuma ba za ku cika ganinsa ba, da dare yake aiki.

Wani zai ce ya fi fuleko tsada, kuma ba kowane shago ke da shi ba. Haka ne. Amma ku lissafa kuɗin akwati mai lita 400 ko fiye da fuleko zai buƙata nan gaba, za ku ga wane ne mai tsadar. In babu shi a garinku, ku jira. Soso da hannu za su riƙe muku gilashi kafin a samu. Wani kuma zai tambaya, "Tun suna ƙanana ai kamanninsu ɗaya, yaya zan bambanta?" Ga dabara. Ku jira kifin ya buɗe fiffiken bayansa, ku ƙidaya jijiyoyin da ke ciki. In sun kai 10 ko fiye, fiffiken kuma dogo ne, wannan mai zama ƙato ne, ku bar shi. Mai ƙasumba nasa 7 ne zuwa 9, kansa faffaɗa ne a baje, jikinsa gajere. Sai dai akwai wani ƙaton, Hypostomus, mai jijiya 7 shi ma. Don haka ku nemi a nuna muku iyayen, ko ku sayi wanda tsiron hancinsa ya fara fitowa.

A taƙaice kan wasu biyu da ake rikita mutane da su. Koridoras, ɗan ƙaramin mai gashin baki da ke tonon yashi, kifi ne mai daɗin kallo, amma tsutsa da abincin ƙasa yake ci, ba ruwansa da gansakuka. Wanda ake kira mai cin gansakuka na Sin kuwa ba ma dangin tarwaɗa ba ne. Yana haura santimita 20, in ya girma ya zama mafaɗaci.

Kashi na ƙarshe, ranar saye da abin da ke biyo baya. Ku tsaya gaban akwatin shago ku dubi cikin kifin yayin da ya manne da gilashi. Ciki mai ɗan tudu, lafiya. Ciki a shafe ko a lotse, da idanu da suka faɗa, kada ku saya ko an rage kuɗi. Ku tambayi mai shago yaushe suka iso, me kuma yake ba su. Wanda ya yi sati biyu a shago yana ci ya tsallake mafi hatsarin lokaci. Kada ku saka shi a akwatin da aka cika jiya. Ƙwayoyin bakteriya masu amfani, waɗanda ke narkar da gubar amoniya da ke fita daga kashin kifi, suna buƙatar sati 4 zuwa 6 kafin su kafu a filta. Wajen kamawa ku yi amfani da kofi, don ƙayoyinsu na maƙalewa a raga. Ku yi hattara da gishiri da maganin da ke da sinadarin jan ƙarfe, ba sa jure su da yawa. Sannan ku ciyar da shi. Yankan kokwamba, kabewa, ganyen alayyahu ko latas, a wanke sosai, a ɗan tsoma a tafasasshen ruwa, a huce, a danne da ƙaramin dutse da yamma. Da safe a cire ragowar kafin ta ruɓe. Akwai kuma abincin kanti mai nutsewa da aka yi don irinsu. Ga wata hanya da ba ta cin kuɗi: ku zuba duwatsu masu santsi a roba da ruwa, ku ajiye a rana, ku rufe da gidan sauro don kada sauro ya yi ƙwai. In sun yi kore ku riƙa saka ɗaya-ɗaya a akwati.

Na san akwai mai cewa, "In dai har zan rage fitila, in canja ruwa, in kuma ciyar da shi, to mene ne amfaninsa?" Tambaya ce mai ma'ana. Amfaninsa yana nan: yana kai baki lungunan da soso ba ya shiga, bayan dutse, kan ganye, jikin itace, kowane dare. Yana rage muku aiki. Bai ɗauke muku shi ba. Wanda kuma ba ya sha'awar kifin don kansa, gilashi mai haske kawai yake so, to soso ya fi masa. Akwatin da bai kai lita 40 ba, kada a saka ko ɗaya daga cikinsu. Mai lita 80 zuwa sama, ya nemi mai ƙasumba guda ɗaya. Kafin ku miƙa kuɗi, masu sauraro, ku tambayi mai shago santimita nawa kifin nan zai kai in ya manyanta. In ya kasa ba ku amsa, ku riƙe kuɗinku.